Ɗinkin Ƙwarangwal

Ranar Talata Madam Kachollom ta shigo shagona a Taminus,
baƙin yadi a leda, 'yarta Simi riƙe da gefen zaninta.
Ta ce, "Malam Tanimu, ƙwarangwal za ka ɗinka mana."
Na ce a'uzubillahi, allura ta suɓuce daga bakina.

Shekara talatin ina taka keken nan.
Na ɗinka kayan amare, na ɗinka rigunan mawaƙan coci,
na yanka likkafani ban karɓi ko sisi ba,
amma ban taɓa auna mai rai don kayan matacce ba.

Yarinyar ce ta ɗora mini karatu ta giɓin haƙoranta biyu:
wai Halowin sunansa, daren ƙarshe na Oktoba.
Wai can ƙasashen ƙanƙara, in an gama girbi,
yini ya gajarta, ganye ya zube,
mutanen da sukan ce labulen da ya raba mu da matattu
yakan yi shara-shara kamar zanen da ya sha wanki.
Sai kowa ya ɓad da kama,
don in fatalwa ta zo neman wani,
ta ɗauka ɗan'uwanta ne, ta wuce.
Na ce, "To, yanzu fa?"
Ta ce, "Yanzu alewa ake ba mu."

Na ce ashe tashe ne ya je Turai ya dawo da takalmi.
Mu ma mun shafa gawayi, mun manna gemun auduga,
mun bi gida-gida a Gangare muna dukan gwangwani.
Sai dai ba mu fafe kabewa mun sa mata kyandir ba.
Da Inna ta ga taushen kwana uku ana yanka masa haƙora,
da a zaure za mu kwana.

Da dare na shimfiɗa yadin, lissafi ya ɓace mini:
haƙarƙarin mutum guda nawa ne?
Na cusa hannu cikin riga ina ƙirga nawa,
ɗaya, biyu, sanyin Jos na bin yatsuna.
A na bakwai na tuna Sallau,
ƙanena da kududdufin kuza ya haɗiye a Bukur,
sai da ya kwana biyu kafin ya mayar mana da shi.
Ni na yi masa ɗinkin ƙarshe.
Ba wuya, ba maɓalli, ba aljihu.

Aka ɗauke wuta. Na zauna a duhu ban tashi ba.

Garin nan ba ya buƙatar a koya masa tsoro.
Mun san ƙarar tayar da ta fashe,
mun san wadda ba ta taya ba ce,
mun san daren da ake hure fitila ana ƙirga yara.
Wataƙila shi ke nan dalilin:
faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.
Dare ɗaya a shekara
a ɗinka wa mutuwa riga daidai jikin yaro,
a sa mata zif a baya,
a aike ta ƙofar maƙwabta roƙon alewa,
ƙarfe tara ta fara hamma,
a tuɓe ta, a rataye a ƙusa.

Liman ya ce ba namu ba ne.
Faston Madam ma haka ya gaya mata.
Ban yi musu da kowa ba. Ni tela ne.

Ranar Alhamis Simi ta zo gwaji.
Ta tsaya gaban madubina mai tsaga,
fararen ƙasusuwa na rawa a ƙirjinta,
ta ɗaga hannuwa ta ce, "Wuuu!"
Na dafe ƙirji, na faɗa kan buhun ƙyallaye.
Ta yi dariya har ta ƙware.

Sai ta laluba gefen rigar, ta tsaya cak:
"Baba tela, ƙwarangwal yana da aljihu?"

Na ce wannan dai yana da shi. Har biyu.
In ba haka ba, ina za ki zuba alewar?